Ruwan da Bai Taɓa Jikinmu Ba

Har yau in na ji mutum yana bugun ƙirji yana cewa "ai a garinmu ba haka ake yi ba", sai raina ya ɓaci, domin da irin wannan bakin na raba wani bawan Allah da abincinsa.

Shekarata ta farko ce a Dubai. Ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ina zaune a Al Warsan. Maƙwabcina mutumin Wusasa ne, Kirista, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani. Ni Bakano, shi Bazazzagi, to ka san sauran. Kullum sai mun taɓa. In ce masa bawana, ya ce da ni ɗan koli ya yi ɓatan kai ya faɗa asibiti. Ya girme ni, yana da mata da 'ya'ya uku a gida, kuma bizarsa a hannun kamfanin take. Sun ba shi wata farar a-kori-kura ta aiki, da sharaɗin kada ta fita daga gari.

A watan Janairu aka yi wani sanyi, mutane suka dinga nuna hotuna a waya wai ƙanƙara ta rufe kan duwatsu fari fat. Ni kuwa ban taɓa ganin ƙanƙara ta kwanta a ƙasa ba. Ranar Juma'a babu aiki, don a can ita ce ranar hutu da ibadar kowa, ya dawo daga coci, na sauko daga masallaci, na tare shi a ƙofa na ce mu je mu gani.

Ya ce, "Ɗan koli, motar nan fa ba tawa ba ce."

Na ce, "Ka dai ce tsoro kake ji. Dama yaushe Bazazzagi ya taɓa wuce Kwanar Dangora bai yi kuka ba?"

Ya yi dariya, ya shiga ya ɗauko makulli. Wasan da ke tsakaninmu shi na yi masa tarko da shi, kuma na san abin da nake yi.

Mun yi tafiyar sa'a ɗaya da wani abu muka shiga duwatsun wajen Hatta. Ƙanƙara ko ƙwaya ba mu gani ba, ashe tana can arewa nesa. Sai muka ga wani busasshen rafi tsakanin duwatsu, faffaɗa, cike da tsakuwa, ga inuwa. Shi ya so ya bar motar a sama, gefen titi. Na ce ya gangara da ita ciki mu sha shayinmu a jikinta, wa zai yi ta jidar kaya?

Muna shimfiɗa tabarma wani tsoho ya zo wucewa da awakinsa ta saman gaɓa. Ya tsaya yana nuna mana can kan duwatsu, inda hadari ya yi baƙi ƙirin, yana kaɗa hannu yana cewa, "Yalla, yalla," wato mu tashi maza. Abokina ya miƙe. Na riƙo rigarsa na zaunar da shi, na soma yi masa karatu. Na ce ni a bakin rafi aka haife ni. Da rani a cikinsa muke ƙwallo, mu tona yashi mu sha ruwa. Ruwan fari ba ya kawo rafi, sai ƙasa ta sha ta ƙoshi tukuna. Kuma ka dubi samanmu, rana ce tar. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, a ƙauyenmu. Abin da ban tsaya na duba ba shi ne nan babu ƙasar da za ta sha komai, dutse ne zalla.

Mun ci rabin kilishinmu sai muka ji wani gurnani kamar tirela tana hawan tudu. Sai warin laka. Daga kwanar rafin ruwa ya ɓullo, jajawur, yana tura itace da duwatsu a gabansa. Abokina ya zabura ya nufi mota, na cafke shi muka kama gaɓa muna rarrafe, tafin hannuna duk ya yayyage. Da muka waiga ruwan ya kai gilashin motar. Motar ta ɗan juya a hankali, ta kwanta a gefenta, ta tafi da kayan aikinsa gaba ɗaya. Muna tsaye cikin rana, ko ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba.

Da 'yan sanda suka zo, ya ce shi ya ɗauko motar, ni hanya kawai ya rage min. Haka ya maimaita wa kamfani. Ina nan kusa, bakina da ya iya karatun rafi ya mutu murus. Tsoro nake kada maganar ta kai asibiti. Na ce wa kaina ko na yi magana ba abin da zai sauya, kuma wataƙila haka ne, amma ba don haka na yi shiru ba.

Cikin mako biyu suka soke bizarsa. Na raka shi kasuwar Naif ya sayo wa yara takalma da jakunkunan makaranta, don kada ya shiga gida hannu rabbana. Muna tafe yana taya kaya, ni ina riƙe da leda kamar ɗan dako, na kasa haɗa ido da shi.

A filin jirgi na yi ƙarfin hali na ce, "To bawana, sai yaushe?"

Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da ya fi min sauƙi. Ya miƙo min hannu ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam."

Ni na ƙara shekara biyar a Dubai, albashina bai taɓa yin latti ba. Duk Kirsimeti ina kiransa. Yana ɗauka, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya yi godiya. Nakan jefa masa tsokana in jira ya rama. Bai ƙara ce min ɗan koli ba.