Hanyar Magaza a Faifan Laka

Isufu magini ne a Matamaye, irin masu yi wa bangon zaure ado da laka. Kome ya gani da idonsa, hannunsa zai fitar da shi. Shekarar da soja suka karɓi mulki ruwan sha ma ya yi wuya, balle na kwaɓa ƙasa, sai aiki ya tsaya. Ya yi shirin tafiya Kano ci-rani.

Saura kwana shida ya tashi, yayarsa Maryama ta iso daga Dawce, rijiyarsu ta ƙafe. Makauniya ce, ba ta san garin ba. Ga shi hatsin taimako a magaza, wato sito, ake rabawa, kuma sai mai suna ya je da kansa. In ba ta iya hanya ba, ko dai ya fasa tafiya, ko ya bar ta da yunwa.

Ya tara ruwan alwalarsa na yini biyu, ya kwaɓa laka a kan faifai, ya fitar da unguwar duka: masallaci da hasumiyarsa, lakwal inda yara ke karatun boko, har rassan itacen bedi.

Maryama ta shafa, ta yi dariya.

"Isufu, wannan gari ne ko ƙurajen ƙyanda?"

"Yaya, babu abin da na bari fa."

"Shi ne laifinsa. Ka yi wa masu ido kwalliya. Yatsa ɗaya-ɗaya yake gani."

Bai yi musu ba. Ya tuɓe takalmi, ya rufe ido, ya taka hanyar da kansa yana dafa bango. Da ya dawo ya shafe kome. Ya ja kwari ɗaya mai zurfi wanda yatsa ba zai fita ba. Inda ƙafa ke nutsewa ya zuba rairayi, inda ƙasa ta yi tauri ya danna tsakuwa, kowace kwana ya kafa ƙwallon dabino.

Ta bi kwarin sau uku. "Rairayi, dama, tsakuwa, hagu. Miƙo mini sandata."

Ranar rabo ta fita ita kaɗai. Isufu ya bi ta daga nesa, yana sanɗa. A kwana ta biyu ta tsaya ta lalubi ƙasa da ƙafa, ta juya hagu. Ta dawo da hatsi tiya huɗu a ka.

A bakin zaure ta ce, "Maginin da ke tari a bayana, ka gaya masa ya ɗaure kayansa."

Da safe ya hau kamyo, babbar motar da ke zuwa Kano.