Tsingaron da Yaya Garba Ya Kafa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Garba, wanda mutanen Talata Mafara suka fi sani da Garba Mai Lambu. Duk shekara in an yi ruwan fari nakan tuna shi fiye da kullum, kuma ba da kwanciyar rai ba, don na yi masa laifin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Lambunsa yana bayan gari, gefen hanyar ruwan noman rani. Maƙwabta na fama da albasa da tumatir, shi kuwa ya ware wa tsirran daji kusan rabin wurin. Yakan hau babur ya shiga dazukan Maradun, ko fadamun Bakura har Dakko, ya tono albasar kwaɗi da gadali iri-iri ya kawo ya binne. Da rani ba abin da ake gani a wurin sai busasshiyar ƙasa. Kwana kaɗan bayan ruwan fari sai furanni su tsattsago, farare da jajaye. Malaman makaranta su kawo ɗalibai, ma'aikata su biyo kallo bayan la'asar. Garinmu ba shi da wani lambun shaƙatawa da ya wuce wannan.

Ni kuwa tsiya nake yi masa, in ce, "Yaya, wa ka cin hure?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ido ma shina jin yunwa, ƙanena."

Bai taɓa rubuta komai ba. Duk inda ya binne wani iri, sai ya kafa tsingaron tukunya a kai: bakin tukunya ga na daji, gindinta ga na fadama, da wasu alamomin da shi kaɗai ya san karatunsu. Ya sha kirana in zo ya nuna mini. Kullum ina da aikin ofis.

A farkon rani ya rasu. Bayan sadakar arba'in na je lambun, na ga fili fetal da fasassun tukwane, na ce bari in taimaki iyalinsa. Na sa aka tsince tsingaron aka zubar, aka kafce wurin aka yi fangalin albasa. Masu aikin suna ta tono wasu dunƙulallun saiwoyi suna jefarwa a rana, ko tambaya ban yi ba. Garin gyaran gira na tsone ido.

Matarsa Hajo tana takaba a lokacin, ba wanda ya gaya mata. Ranar da ta fita, lambun ta fara zuwa. Ta dubi fangalin albasar ta ce mini, "Shekara ashirin shina ɗauko su ɗai-ɗai. Kai wuni guda ya ishe ka." Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Dazukan da yake shiga shi kaɗai, yanzu ko da rakiya sai an yi shahada. Lambunan bayan gari ana ta yanka su filaye. Abin da na watsar ba inda zan je in tono madadinsa, da-na-sani kuwa ƙeya ce.

Abin da ya rage nasa yana gidajen mutane, don Yaya ba ya rowar iri. Mata da yawa sun karɓa sun dasa a tsofaffin bokitai. Shekara uku ke nan ina bi gida-gida ina roƙo, na samu iri biyar, ban san sunan ko ɗaya ba.

Bara wata tsohuwa a Bakura ta tono mini ɗaya ta ƙulle a tsumma. Da na miƙe zan tafi ta ce, "Halan na lambun suna nan lahiya?"

Na so in ce mata fari ne ya cinye su. Sai na koma na zauna na gaya mata gaskiya.

Allah Ya jiƙan Yaya Garba, Ya sa lambun Aljanna ne makomarsa.