Baƙin Gashin Leya

Mama Rifka ta shigo shagon kitsona da ke tsakiyar birnin Greensboro a Amurka tana da shekara saba'in da bakwai. Bayahudiya ce daga Irving Park, unguwar masu hannu da shuni. Mijinta ya rasu, ta gaji da zaman gida, wai kitso za ta koya. Na ce, "Mama, da waɗannan yatsun?" Ta ce, "Ke dai nuna mini." An ce gemu ba ya hana ilimi, ashe furfura ma haka. Ta shekara tana yi wa 'ya'yan 'yan gudun hijira kitso kyauta kafin ta ba ni labarin nan. Ga shi daga bakinta.

Ranar Talata ce, a ƙauyenmu na ƙasar Poland, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shekarata goma sha biyu. Ƙarfe shida na safe uwarmu ta ɗora madara a wuta. Ina taje kan ƙanwata Leya, 'yar shekara biyar, tana kuka ina mata tsawa.

Shida da rabi muka ji motocin sojojin Jamus. Sai haushin karnuka. Sai bindiga sau uku daga wajen kasuwa.

"Yahudawa, ku fito!"

Uwarmu ta tura mu ta tagar baya. "Riƙe hannunta! Kada ki sake ta!"

Muka ratsa gonar dankali da rarrafe. Ƙararrawar coci ta buga tara muna cikin daji. Harbin bai tsaya ba sai tsakar rana. Leya ta yar da takalmi ɗaya, na goya ta.

Da yamma muka isa gidan wata manomiya da ke sayen zare wajen babanmu. Ta dubi gashina, mai haske irin na 'ya'yanta. Ta dubi na Leya, baƙi wuluk.

"Ke shigo. Wannan a'a. Gashinta zai sa a gane Bayahudiya ce, a ƙone mu."

Na roƙi almakashi in aske mata. Matar ta fara tura ƙofa. Na kai Leya cikin tarin ciyawa a bayan garke, na ce ta yi shiru zan dawo. Na saki hannunta, na shiga gidan. Yunwa nake ji, ga ƙamshin miya. Gaskiyar ke nan, kuma har yau kunya take ba ni.

Kwana biyu ina kai mata burodi da asuba. Ranar Juma'a na tarar da ciyawar a baje, ga sawun manyan takalma a laka. Ban ji komai ba. Barci nake a ɗaki mai ɗumi.

Shekara uku na yi a gidan da sunan aro. Bayan yaƙi aka nuna mini ramin da aka zuba uwata da ubana da yayyena biyu. Su huɗu na san inda zan tsaya in yi musu addu'a. Leya ban san inda zan tsaya ba. Da yanzu ta cika saba'in da ɗaya.