Hannun Baba da Bindigarsa

Wata Asabar da hantsi a bazarar 1976, shekarar da aka yi zafi a Landan har ciyawar filin makarantarmu ta bushe ta koma kamar harawa, na shigo kicin da bokitin wanki na tarar Baba ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin cin abinci, ya kwance bindigarsa ɗaiɗai a kai. Ƙaramar bindiga ce ta hannu, baƙa mai sheƙi. Taga a buɗe take, amma warin man da yake goge ta da shi ya danne ƙamshin albasar da Umma ke soyawa. Shekarata tara a lokacin. Ya ɗauko wani ɗan sukuru kamar ƙwayar dawa zai ɗaura sabon mariƙin katako da aka yi masa, sai ya suɓuce ya faɗi. Ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Na tsugunna na lalubo masa a ƙarƙashin kujera, da na miƙa sai na ga yatsunsa suna rawa, rawar da ba ta sanyi ba, don gumi muke yi dukanmu. Na dubi Umma. Ita ma ta gani, amma ta mayar da idonta kan tukunya, ta ce in je in shanya kayan kafin rana ta juya.

Karatu ne ya kawo mu. Lokacin arzikin mai ne, gwamnati na tura ma'aikata kwas ƙasashen waje har da iyalinsu, Baba kuwa ma'aikacin sashen ayyuka ne. Muka kama hayar saman wani tsohon bene a Stratford, ɗaki biyu da kicin, bangonsa kullum a jiƙe in hunturu ya shigo. Aikina shi ne share matattakala, da wanke kwalaben madara a ajiye bakin ƙofa, da raka Umma kasuwar Whitechapel mu sayo garin shinkafa na tuwo da naman yanka wajen wani mahauci ɗan Bangaladash. In na samu sarari sai in zana ɗakunan 'yar gala-gala da alli a bakin titi, in koya wa 'ya'yan maƙwabta carafke da duwatsun lambu. Ƙanena Sani shi ƙwallo kawai ya sani.

Baba jikan maharba ne. Kakansa da kwari da baka ya ci abinci, mahaifinsa da bindigar toka, shi kuma boko ya ɗauke shi ya ajiye a ofis, abin yana cin sa a rai. Da ya ji cewa a Dagenham akwai kulob ɗin masu harbin allo, inda ake tsayawa a jere ana auna baƙin ɗigo a jikin takarda, bai huta ba sai da ya shiga, ya bi duk ƙa'ida har 'yan sanda suka ba shi lasisi. Bindigar kullum tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, makullin a aljihunsa. A shekarar farko ya dawo da ɗan kofin azurfa, ya ɗora shi kan rediyo. Ban taɓa ganin sa da fara'a irin ta ranar ba. Ya ce shi kaɗai ne baƙar fata a wurin, kuma Turawan da da ba sa amsa masa gaisuwa sun zo sun ba shi hannu. A garin da ake rufe masa ƙofa in ya je neman haya, can ne kaɗai ake kiran sunansa da girma.

Daga baya sai takardun da yake dawowa da su suka fara canzawa. Da ramukan harsashin a cure suke wuri ɗaya, yanzu sun warwatse kamar tsabar da aka watsa wa kaji. Baba ya ce laifin bindiga ne. Akwai wani tsohon Bature a kulob ɗin, Ron, wanda ya yi ritaya daga aikin ƙera motoci, yana da ɗan shagon ƙira a bayan gidansa. Shi ya sassaƙa masa mariƙin nan daidai tafin hannunsa. Bai yi magani ba. Aka canza ƙarfen da ake duba saiti da shi, aka sa wanda ake murɗawa. Aka ƙara wa bakinta nauyi wai don ta daina tsalle. Kowane sabon abu ya zo sai Baba ya kwana biyu cikin murna, yana cewa, "Makami sai da gyara, ko takobi sai an wasa," ranar Lahadi kuma ya dawo shiru, ko abinci ba ya iya ci. Mu kuwa muna ganin shayi na zuba a faranti in ya ɗauki kofi, muna jin ƙarar cazbi a hannunsa ko ba ja yake ba.

Duk gidan an sani, ba wanda ya iya faɗa. Wanda bai tashi a irin tarbiyyarmu ba zai yi mamaki. Umma ko sunansa ba ta faɗa, Malam take ce masa, ta yaya za ta dubi jikan maharba ta ce hannunka ya gaza? Abin da ta iya shi ne ta daina cika masa kofi, ta riƙa ɓalle masa maɓallan riga tun kafin ya sa, ta tashi sallar dare tana kai kuka wurin Allah. Da azumi ya kama a ƙarshen bazarar, sai ta samu abin fakewa, ta ce wa kanta yunwa ce da doguwar rana.

Akwai Kawu Lawal, ɗan garinsu Baba, wanda ke karatun likita a wani asibiti a Whitechapel. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, amma a gidan kakanmu ya tashi, Baba ne ya kai shi makaranta yana riƙe da hannunsa. Wata rana ya zo shan ruwa, Umma ta tare shi a matattakala ina riƙe mata da tire, ta roƙe shi ya yi wa Baba magana tunda shi likita ne. Ya ce, "Yaya, na gani tun kafin ke. Amma ta ina zan fara?" Duk da haka ya gwada, irin gwajinmu na hannunka mai sanda. Bayan an ci abinci ya kawo labarin wani mara lafiya da ya gani, dattijo mai mutunci, hannunsa na rawa, da ya zo da wuri da an taimake shi. Baba ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce Allah ya ba shi lafiya. Sannan ya jawo hira kan gasar da za a yi bayan salla, ya ce yanzu ya gano inda matsalar take: kunamar bindigar ce ta yi tauri, wajen jan ta ne hannunsa ke kaucewa. Ron zai sassauta masa ita, ta zama da an taɓa sai ta tashi. Umma ta kwashe kwanuka.

Ranar gasar ana yayyafi. Muna gida ina tsince wa Umma shinkafa, Sani na kwance yana kallon talabijin, da la'asar sai matar da ke zaune a ƙasan benenmu ta ƙwala kira cewa ana neman mu a waya daga asibiti. Ashe Baba ya tsaya a layinsa, bindigar na kallon ƙasa yana jiran a ba da izini, hannun ya yi rawarsa, yatsa ya taɓa kunamar da aka sassauta. Harsashin ya shiga ƙafarsa ta dama. Allah ya tsare bai samu kowa ba, ga mutane a jere hagu da dama. Sai da aka cire masa yatsun ƙafa biyu. 'Yan sanda suka zo gida cikin ladabi suka tafi da akwatin ƙarfen, lasisin ma bai dawo ba.

Abin da muka yi watanni muna kewayewa, wata likita Baturiya ta faɗe shi a tsaye, kafin ta gama duba shi. Ta ce ciwo ne na jijiya, ya daɗe a jikinsa, kuma ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa shi da magani. Da ta fita, daga mu sai Kawu Lawal a ɗakin. Ina zaune a bakin gado da kwanon abinci a cinyata. Baba ya dubi Umma ya ce, "Binta, kin sani?" Ta ce, "Na sani, Malam." Ya juya wajen Kawu Lawal, shi kuma ya sunkuyar da kai. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mana sauƙi. Ya juya fuskarsa bango, can ya ce a miƙo masa dutsen taimama, magariba ta yi.

Bai ƙara taka Dagenham ba. Ya ƙarasa kwas ɗinsa da sanda, muka koma gida, ya yi sauran shekarunsa yana salla a zaune saboda ƙafar ba ta lanƙwasuwa. Kawu Lawal ya zama babban likita, ya riƙa aiko masa da magani har ya rasu, amma hirarsu ba ta ƙara wuce gaisuwa ba. Tsakanin Baba da Umma kuwa ban taɓa jin an sake tayar da zancen ba. Ita ke ba shi abinci a baki a ƙarshe.

Aure ya dawo da ni Landan, har na yi jikoki a nan. Yanzu an hana riƙe irin waccan bindigar gaba ɗaya, benen da muka zauna ma an rushe shi. 'Ya'yana ba su san kewaye-kewaye ba. Kwanan baya 'yata ta dubi mahaifinta a gaban mutane ta ce idonsa ya yi rauni, ya daina tuƙi har sai ya ga likita. Kunya ta kama ni kamar in nutse, na yi niyyar tsawata mata, sai na tuna ɗakin asibitin nan na yi shiru. Washegari ya je. Har yau ina kewar gidan da ake tauna magana saboda girman uba, ina kuma yi wa iyayena addu'a bayan kowace salla. Amma na san akwai karar da ba ta kare mutum daga komai.