Facin Kujerun Umma

Shekaranjiya ina tsaye a tashar Rano ina jiran mota, sai na ji wata ƙara a bayana, ƙiiit, irin ta ɓare takarda daga jikin gam. Na waiwaya. Wani ɗan acaɓa ne ya durƙusa yana liƙe yagewar kujerar babur ɗinsa, yana murza facin da babban yatsa. Warin gam ɗin ya bugi hancina. Mota ta cika ta tashi ina nan tsaye.

Ban sani ba ko kai ma ka tashi a gidan da ake tattalin wani kaya fiye da yadda ake tattalin jiki. Mu a gidanmu kujeru ne na kushin, ruwan hanta, guda uku: doguwa ɗaya mai cin mutum uku, da ƙanana biyu. Kayan auren Umma ne. Mahaifinta bijimin nomansa ya sayar ya saya mata, lokacin da za a kai ta birni gidan Baba, wanda yake aiki a wata masaƙa.

A birni aka haife mu. Shekarun nan ne da soja suka koma bariki, aka shiga siyasa, aka ƙaddamar da Shari'a, kowa bakinsa cike da fata. Na tuna ranar da Baba ya dawo daga taro muryarsa ta dishe don kabbara, yana cewa gyara ya zo. Ba a daɗe ba aka sa wa ƙofar masaƙar kwaɗo, aka ce ma'aikata su je gida, za a neme su. Ina aji uku a firamare muka yi lodi a bayan akori-kura muka koma Tarai, gidan kakanninmu. Fanka ta tafi, keken ɗinki ya bi ta. Kujerun nan kuwa Umma ta ce ko da wasa kada wanda ya taya.

Ɗakin da aka ba mu na ƙasa ne, ƙofarsa ƙarama, sai da aka cire ƙyaure kafin doguwar ta shiga. Kaka, mahaifiyar Baba, ta leƙo ta riƙe haɓa.

"To ina kuma za ku shimfiɗa tabarma?"

Umma ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ɗan lokaci ne, Inna. Da an buɗe kamfani za mu koma."

Ƙauye ba ya raga wa kushin. Da damina ɗakin yana yoyo, danshi ya shiga soso, ka riƙa jin wari kamar na tsumman da aka manta a randa. Da kaka, in an shigo da dawa da gyaɗa, ɓeraye su biyo su, su haƙa gida a ƙarƙashin kujera. Da bazara yadin ya bushe ya yi ƙamas, ko gwiwar yaro ta dafa shi sai ya tsage. Ga matan maƙwabta, ba sa gajiya da shigowa gaisuwa, don su ɗanɗana zaman birni. 'Ya'yansu kuma in sun ga ƙaramar ɓula sai sun zura yatsa sun tsinko soso.

Da farko Umma da allura take bi. Amma yadin ya tsufa, duk inda zare ya bi sai ya ƙara yage shi. Ana nan Baba ya dawo daga kasuwar Rano da wani abu a naɗe kamar gammo, ya ce wurin masu rufe kujerun mota ya samo. Wani irin salatif ne mai faɗin tafin hannu, bayansa kamar yadi, cikinsa gam, an rufe gam ɗin da farar takarda. Kalarsa ba ta zo daidai da ta kujerun ba, ta fi duhu, amma Umma ta karɓe shi da hannu biyu.

Aikin yana da ƙa'ida, kuma ni ta koya wa, don Yaya tana makarantar kwana. Sai ka goge wurin da tsumma mai ɗan laima, ka bari ya bushe sarai. Ka tura soson da ya leƙo ciki, ka datse zarurrukan da suka tashi. Ka yanko facin ya ɗara yagewar da yatsa biyu, ka zagaye kusurwoyinsa da almakashi, don kusurwa mai tsini ita ke fara ɗagowa. Sannan ka ɓare takardar a hankali, ka haɗa bakin yagewar, ka liƙa. Daga ƙarshe a ɗora tsumma a bi da dutsen guga mai ɗumin gawayi. Kaka tana zaune a gindin turmi tana ɗinke fasasshiyar ƙwarya, ba ta ko ɗago kai.

"Abin da ba allura ba zare," in ji ta, "ai ba faci ba ne, rufa-ido ne."

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Ɗan lokacin nan ya zama damina bakwai. Duk zaɓen da ya zo, Baba ya sa hularsa ya tafi Kibiya sauraron 'yan takara, ya dawo da sabulu sanda biyu da labarin za a farfaɗo da masana'antu. Noma yana yi, amma noman mai jiran kira, rabin hankalinsa yana kan hanya. Umma kuma duk safiyar Juma'a ta zagaya kujerunta tana shafawa, tana neman inda ya ɗago. Faci ya hau kan faci. Har yau ina ganin ta a durƙushe, ƙanina a goye, gumi na ɗiga daga haɓarta, tana danna dutsen guga kamar mai gasa wa tsoho baya. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Sai dai in ta miƙe takan daɗe riƙe da ƙugu tana kallon bango.

Sai auren Yaya ya taso. Angon wani malamin makaranta ne a cikin garin Rano, suna son juna, gidansu gidan 'yan kasuwa ne masu rufin asiri. Baba ya sayar da masarar shekarar, ya yi gado da katifa, ƙarfinsa ya tsaya nan. Kwana da kwanaki ba ya iya cin tuwo. Wata safiya Umma tana tankaɗe, ba ta dube shi ba, ta yi magana. Yaya 'yar fari ce, Umma ba ta faɗin sunanta.

"A kai wa yarinyar nan kujerun."

Baba ya ce, "To ke fa?"

"Ni na zauna iya zamana."

Kwana uku muka yi muna gyara. Muka ɓamɓare tsofaffin facin, muka sa sababbi, Umma ta saƙa kwalliyar ulu fara da za a shimfiɗa a kai. A rana ta uku ta bar mini yagewar tsakiyar doguwar, wadda ta fi kowacce girma, ta tafi wajen masu tuyar cincin. Ni kuwa ƙawayena suna soro suna jira na mu tafi ƙunshi. Bayana ciwo yake, yatsuna duk gam. Ban goge wurin ba, ban zagaye kusurwa ba, ban hura gawayi ba. Na liƙa, na doka da tafin hannu sau biyu, na ja ulu na rufe.

Ni aka bari zaman ɗaki wurin amarya. Tsakiyar bazara ce, ɗakin rufin kwano, kana jin zafi yana sauka a tsakiyar kai. Washegarin kai amarya, bayan azahar, dangin ango mata suka zo ganin ɗaki. Babbarsu gwaggon ango ce, wata Hajiya mai jiki, sanye da farin leshi. Ta nufi doguwar kujera, ta ce ulun nan zafi gare shi, ta janye shi gefe ba tare da ta duba ba, ta zauna daidai tsakiya. Aka yi addu'o'i, aka sha kunun zaƙi, aka yaba kwanuka. Ni dai idona yana kan cinyarta.

Da ta yunƙura za ta tashi, sai ƙiiit. Facin ya biyo ta, manne a bayan leshinta. Kujerar ta buɗe baki, ga soso rawaya duk cin ɓera. Wata budurwa ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Yaya tana bakin gado a lulluɓe, na ga mayafinta ya ƙara yin ƙasa.

Hajiyar ta kai hannu baya ta ɓare abin, ta juya shi, ta dubi sauran kujerun ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini.

"Ungo, 'yar nan. Naku ne."

Da zagi ta yi, da ya fi mini sauƙi. Daga baya na ji har shekara ta zagayo matan gidan suna kiran ɗakin Yaya ɗakin faci.

Da na koma Tarai na tarar da ɗakinmu ya yi faɗi, sai shatin ƙafafun kujeru a daɓe. Umma tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafa, tana tsince wake. Ta ce, "An ga ɗaki?" Na kwance bakin zanina na ciro facin, ya dunƙule ya yi baƙi, na ajiye a gabanta. Ina kuka na faɗa mata komai, har da gawayin da ban hura ba. Na sa rai da mari. Ta ɗauka ta duba zarurrukan yadin da suka biyo gam ɗin.

"Share hawayenki. Ko kin yi guga sai ya tashi. Yadin ne ya mutu tuntuni, ni ce na ƙi yarda." Ta jefa shi a murhu, ta ja dogon numfashi. "Wallahi tun da aka fitar da su nake barci. Ashe gajiya ce."

Baba yana bakin ƙofa, ya ji duka. Da ruwan farko ya sauka, ya buɗe akwatinsa ya ciro shuɗiyar rigar aikin masaƙa, wadda yake ta adanawa a ninke, ya sa ta, ya saɓi fartanya ya tafi gona. Daga ranar ban ƙara jin kalmar kamfani a gidanmu ba.

Yanzu zamani ya sake. Amare ba sa karɓar kujerar uwa, yayi ake bi, in ta koɗe a kira mai kushin ya sake mata riga gaba ɗaya. Yaya tana nan a ɗakinta da 'ya'ya biyar, maganar ta zama abin dariya a wurinta, ko da yake na lura ba ta barin baƙo ya zauna sai ta fara shafa wurin. Baba da Kaka sun riga mu gidan gaskiya. Bara, da albashina ya ɗan yi kauri, na sayi sababbin kujeru na kai wa Umma Tarai, ina ta murna a hanya. Ta fito tana dogara sanda, ta zagaya motar, ta shafa yadin, ta sa mini albarka har sai da na ji kunya. Sannan ta ce kada a sauke.

"Kai su ɗakinki, Allah ya yi miki albarka. Na reni 'ya'ya shida da kujeru uku. Bar ni da tabarmata, in ta mutu a kai wa awaki."