Ranar da 'Yata Ta Kore Ni Daga Gasar Harbi

Ni mutum ne mai saurin fushi, kowa a gidana ya san haka, ba na kuma ɓoyewa. Kafin in zo Landan na daɗe ina aikin kaki a gida, bindiga rataye a kafaɗata safe da yamma. Yanzu gadi nake yi a wani gini kusa da Aldwych, makamina kuwa tocila da tarin makullai. Saboda haka ranar da babbar 'yata ta ce mini ta daɗe da shiga kulob ɗin masu gasar harbi da ƙaramar bindiga, dariya na yi har da tari.

"Wace bindigar?" na ce mata. "A ƙasar nan da ko ɗan sandan kan titi ba ya riƙe ta?"

Ta yi mini bayani da Turancinta, don haihuwar nan ce, tana jin Hausa sarai amma amsa sai da Turanci. Ta ce doka ta hana mutane mallakar ƙaramar bindiga irin wadda na sani, shi ya sa a kulob ɗinsu suke amfani da mai aiki da gas, tana harba fararen ƙwayoyin roba kamar ƙwayar dawa. Amma kamanninta da yadda ake riƙe ta, duk irin na gaske ne.

"Au, abin wasan yara kenan," na ce.

"Zo ka gani, Baba."

Wata Asabar na bi ta Dagenham, wani tsohon sito a bayan garejin gyaran motoci. An jera katangu na katako, akwai lunguna da 'yan tagogi, an kafa kwalaye da ƙananan faranta na ƙarfe a matsayin abin saiti. Wani ƙaton mai gyaran famfo, tumbinsa ya fi nawa, ya tsaya a layi hannuwansa a sake. Agogon da alƙalin gasa ke riƙe da shi ya yi ƙara. Kafin in ƙifta ido ya zaro, ya harba, ya ruga, ya durƙusa ta taga, ya sauya gidan harsashi yana cikin gudu, faranta na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi bakina a buɗe na kalle shi. Duk shekarun da na yi da bindiga ban taɓa ganin hannu irin wannan ba.

Amma ba saurin ne ya fi ɗaure mini kai ba. Duk juyin da mutumin nan ya yi, bakin bindigarsa bai taɓa barin bangon gaba ba. Ko da baya zai ja, jikinsa ne ke tafiya, bindigar na kallon inda take kallo. Yana ɗaga ƙafa yatsansa ya bar kunamar bindigar ya miƙe a gefe. Ba wanda ke shiga wurin babu tabarau na kariya, har mai kallo. Ba wanda ke taɓa bindigarsa sai alƙali ya ce, ko kuma a wani tebur guda da aka keɓe a kusurwa, inda ba a yarda ko ƙwaya ɗaya ta je ba. Wanda ya karya ɗaya daga cikin waɗannan, an fitar da shi daga gasar ranar, ko shi ne gwanin gwanaye. Duk wannan a kan ƙwayar roba!

Na yi rajista a makon, na shiga ajin sababbi. Malaminmu wani tsohon Bature ne siriri, mai sanyin murya, da na'urar ji a kunnensa. Ranar farko na cika masa baki cewa ni tsohon hannu ne. Ya ce madalla, ya miƙo mini bindiga babu komai a ciki, ya ce in taka zuwa wancan layin. Taku biyu na yi ya ce, "Yatsanka." Na duba, ga shi kwance a kan kunama kamar can ne ɗakinsa. Sau nawa ya faɗi kalmar nan a makonnin da suka biyo, ban san iyaka ba. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, ina komawa gida, sai in tuna yadda nake tsayawa a kan hanya a da, in leƙa tagar motar haya cike da mata da yara, bakin bindiga na bin fuskokinsu, yatsan nan a inda ya saba. Ba wanda ya taɓa ce mini kanzil. Jikina kan yi sanyi in na tuna, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Ita kuwa 'yata ta riga ta yi nisa. Shekara biyu tana neman zama alƙaliyar fili, wato mai tsayawa a bayan kafaɗar mai harbi, ta ba shi umarni, ta tsayar da shi in ya yi kuskure. Ta gama karatun, saura jarrabawa guda: za ta jagoranci rukuni ɗaya a ranar gasa, tsohon Baturen nan yana kallonta yana rubutu. In ta faɗi, sai ta jira wani zagayen. Na ga yadda take maimaita umarnin ita kaɗai a kicin tana wanke kwanuka.

"Baba, don Allah kada ka yi booking, kada ka sa sunanka a rukunina," ta ce mini.

Na ce to. Daren nan na yi booking a rukuninta. Uba ne ni, ina so in ga 'yata tana ba ƙarti umarni, laifi ne? Ban tsaya nan ba, na gayyaci Alhaji, wani dattijo mutumin Gana da muke salla a masallaci ɗaya a Barking. Ya girme ni nesa ba kusa ba, na kuma daɗe ina cika masa kunne da labarin iya harbina.

Ranar gasa, da ta ga sunana a takarda, sai ta cije leɓe. Mutum huɗu suka wuce a hannunta lafiya lau, muryarta a tsaye, ni kuwa sai kumbura nake don daɗi. Aka zo kaina. Ta tsaya a bayan kafaɗata ta dama, ta ce in ɗura, ta tambaya ko na shirya, agogo ya yi ƙara. Ban taɓa harbi mai kyau irin na ranar ba. Na bi lungunan nan yatsana a miƙe, na kayar da farantin ƙarshe, na tsaya ina haki. Abin da ya rage shi ne in jira ta ce in sauke, in nuna mata babu komai, in mayar kube.

Daidai nan Alhaji, da ya makara, ya shigo aka sa masa tabarau. Ya hango ni ya ɗaga murya, "Salamu alaikum! Sannu da aiki, Malam!"

To ni tun ina yaro ba a koya mini amsa sallamar babba da ƙeya ba. Ban yi tunani ba, ban yi shawara ba, jikina ne kawai ya juya ta dama, bakina ya soma "Wa alaikumus...", hannuna kuwa ya biyo ni da abin da ke cikinsa.

"Stop!"

Sito ya amsa. Ban san 'yata tana da irin wannan murya ba. Ba ta ja da baya ba, gaba ta matso, ta shiga tsakanina da mutanen da ke tsaye, ta sa tafin hannu ta mayar da damtsena wajen bango.

Zuciya ta ciyo ni. "Ke! Ni kike daka wa tsawa? A gaban mutane?"

Turawan ba su ji Hausa ba, amma sun ji abin da nake nufi. 'Yata ta ci gaba da aikinta. Ta ce in cire gidan harsashi, na cire. Ta ce in nuna mata ciki, na nuna. Ta ce in mayar kube, na mayar. Sannan ta dubi idona ta ce bakin bindigata ya wuce iyaka, an fitar da ni daga gasar yau.

Tsohon Baturen ya taho a hankali. Ya karɓi agogon daga hannunta, ya ce shi gaskiya bai gani ba, ya sunkuya yana rubutu a lokacin. Sauran ma katangar katako ta kare su. Ya ce mini ina da damar in musa, za a zauna a duba. Na gane abin da hakan ke nufi. Ta yanke hukunci mafi nauyi a ranar jarrabawarta, ba shaida, ga mai harbi yana mata ihu. In na ce ban yi ba, sai a fara tunanin ko ta rikice ne.

Alhaji ya matso yana yarfa hannu. "Bai yi komi ba! Gaisuwa ne kawai! Malam, yarinya naka ya cika zafi, ka faɗa musu ba ka yi ba."

Ba zan yi ƙarya ba, na so in bi maganarsa. Kunya ta ishe ni, ga mutumin da na cika wa baki yana kallo, ga harbi mafi kyau a rayuwata zai tafi a banza. Na dubi 'yata. Tana tsaye hannuwanta a baya, ba ta roƙe ni da ido ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Wannan yarinya da na goya zuwa asibiti tana zazzaɓi, wai ita ce ta ga bindiga na juyowa ta matso. Na ji tsoronta, na ji ƙaunarta, duk a lokaci guda.

"Me ta ce na yi?" na tambayi tsohon.

"Ta ce ka ɗan wuce iyaka."

"Ta rage," na ce. "Ba ɗan wucewa ba ne. Rubuta daidai."

Na miƙa yatsa na juya a hankali yadda na juya ɗazu, na wuce bango, na wuce katanga, har yatsan ya tsaya yana nuna tsakiyar ƙirjinta.

"Har nan na kai."

Tsohon ya daɗe yana kallon yatsan. Ya rubuta, ya ba ni na sa hannu. Sannan ya juya ya mayar mata da agogon, ya ce ta ci gaba, fili nata ne. Ta karɓa da hannu biyu. Ta share ido da kafaɗa, ta kira na gaba.