Giginyar Kaka da Katangar Bulus

Lokacin da nake yarinya, unguwarmu a Zuru unguwar matan soja ce. Mazan suna can bariki, sai mata da yara da tsofaffi. Ba mai katanga, sai dangar kara, kuma a tsakiyar gidajen akwai ɗan fili da ba na kowa ba. Nan Kaka, mahaifiyar babanmu, take hura wutarta. Duk matar da za ta ɗora tukunya sai ta aiko da tsingaro a ɗebo mata garwashi, Kaka kuwa ba ta sakin ɗan aike sai ya ci wani abu.

Haka Bulus ya shigo cikinmu. Babansa ya tafi aikin soja bai dawo ba. Ya zo ɗiban wuta, ya zauna cin gyaɗa, shi ke nan ya zama ɗan gida. Kwano ɗaya muke ci da shi.

Da an gama tuwo sai mu kewaye ta. Hausar Kaka a karye take, in labari ya yi daɗi sai ta zarce da yarenmu, mu yi ta dariya tana ɗaga mana muciya. Tatsuniyar da Bulus ya fi so ita ce ta giginya. Wai tsuntsu ne ya yar da ƙwayar ceɗiya a wuyan giginya. Ƙwayar ta roƙa a bar ta ta kwana, damina ɗaya kawai. Giginya ta ba ta raɓa, ta kare ta daga rana. Ceɗiya ta fara sauko da saiwa, tana cewa rungumar uwa take yi. Ta runguma, ta ƙara runguma, har giginya ta daina ganin sama.

Wata rana na tambayi Kaka me ya hana giginyar karkaɗe ta tun tana ƙarama.

"Ke ɗiyata," in ji ta, "wa ke korar yaron da ya zo da sanyi?"

Da ta rasu, a filin nan aka binne ta, kusa da murhunta, kamar yadda ta roƙa. Kullum da safe Mama, mahaifiyarmu, take share wurin.

Sannu a hankali unguwa ta sake. Manyan hafsoshi masu ritaya da 'yan kwangila suka fara sayen gidaje. Maƙwabta suka koma bayan gari ɗaya bayan ɗaya, wasu can Dirin Daji wajen gona. Sababbin ba sa ɗiban wuta, da gas suke girki, ko sunansu ba mu sani ba. Bulus ma, wanda ya bar gari da ya girma, ya dawo da arzikinsa, ya saye gidajen da ke kewaye da filin. Wallahi murna muka yi, namu ne ya dawo. Har ƙasa ya durƙusa gaban Mama, ya ce muddin yana numfashi ba mai raba ta da kabarin Kaka.

Bai taɓa kabarin ba, gaskiya. Katanga ya ja ta haɗiye filin, da ƙofar ƙarfe da maigadi. Ran da Mama ta je da tsintsiyarta, maigadin ya ce Oga bai ce a ɗauki mai shara ba.

Na je na sami Bulus raina a ɓace. Na ce masa, Yaya Bulus, ko ka manta da giginyar Kaka? Ya yi dariyar nan tasa ta yarinta, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"Ina zan manta, Talatu? Amma ki duba, ai ceɗiyar ta fi ba mutane inuwa."

Ashe duk shekarun nan da muke jin tausayin giginya, shi ceɗiyar yake saurara. Na daɗe ina jin haushin amsar da Kaka ta ba ni a kan giginyar, ga shi kuma na san ko yau yaro ya zo da tsingaro ba za ta kore shi ba.

Mama ba ta sake zuwa ƙofar ba. Kullum da safe gindin katangar take sharewa ta waje, daidai inda take zaton kan Kaka yake.